Mashayar Unguwa a Ingila da Teburin Mai Shayi a Sakkwato

Teburin mai shayin da ke bakin layinmu a Mabera ya tashi tun bayan ƙaramar Sallah, kuma har yau idona bai saba da ganin wurin babu kowa ba. Mutumin ya fi shekara goma yana kafa teburinsa a gindin dalbejiyar nan da zarar an sallame Magariba, ya jera gwangwanayen madara da na Bournvita, ya tara burodi a gefe, ya ɗora tukunyar ruwan zafi a kan garwashi, sannan ya shimfiɗa benci biyu waɗanda ba su taɓa isar jama'arsa ba. A nan ake jin wanda ya rasu da wanda aka yi wa haihuwa, a nan ake musun ƙwallo da na siyasa, a nan kuma baƙon da ya ɓata hanya yake samun mai yi masa kwatance. Da na haɗu da shi a kasuwa na tambaye shi dalilin tashinsa, sai ya ce da ni: "Malam, bencina bai taɓa rasa mutane ba. Mutum goma za su zauna, biyu su sha shayi, ɗaya daga cikin biyun kuma ya ce in rubuta." Wannan magana tasa ce ta mayar da ni ga wani abu da na gani a Ingila shekarun baya, wanda na daɗe ina son in rubuta a kansa ina jinkirtawa saboda tsoron kada a yi mini mummunar fahimta.

Abin da nake nufi shi ne mutuwar mashayun unguwa, waɗanda mutanen can suke kira "pub". Bari in share hanya tun da wuri: ni Musulmi ne, ban taɓa shan giya ba, kuma ba kukan rashinta na zo yi ba. A nan Sakkwato dalilin rufe gidajen giya a fili yake, domin tun da jihar ta rungumi shari'ar Musulunci a shekarar 2000, a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, bayan Zamfara ta buɗe ƙofa, doka ce ta yi magana, aka kuma wuce wurin. A Ingila kuwa babu dokar da ta haramta, babu mai wa'azin da ya hana, amma duk da haka wuraren suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1980 akwai mashayu kimanin 69,000 a faɗin Birtaniya, a 2000 sun ragu zuwa kimanin 60,800, yanzu kuwa ba su wuce kimanin 45,000 ba. A shekarar 2024 kaɗai, 412 ne suka ɓace a Ingila da Wales, wasu aka rushe su, wasu aka mayar da su gidajen haya ko kantuna.

Lokacin da nake karatu a Bradford, garin da ya yi suna da masaƙun ulu kafin masaƙun su durƙushe, akwai wata tsohuwar mashaya a kusurwar titin da nake haya. Na tarar da ita a buɗe, na bar garin an toshe tagoginta da katako. Gaskiya da farko murna na yi, na ce a raina an rage ɓarna. Wanda ya sa na sake tunani shi ne maƙwabcina, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga aikin masaƙa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suna garuruwa masu nisa. Ya gaya mini cewa fiye da shekara talatin yana zuwa wurin nan kusan kullum da yamma, ya sayi kofin giya ɗaya ya yi awa biyu a kansa, domin a can ne kaɗai yake da kujerar da kowa ya san tasa ce, a can ne kuma idan ya kwana biyu bai leƙo ba za a aiko a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Bayan rufewar, yakan yi kwana uku bai yi magana da ɗan Adam ba in ba mai karɓar kuɗi a kanti ba. A ranar na gane cewa abin da suke kira mashaya, ga irin wannan dattijo, shi ne majalisa da zaure da dakali da teburin mai shayi a haɗe wuri guda, a ƙasar da sanyi da ruwan sama ba sa barin mutum ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce wai Turawa sun rage shan giya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman ga matasa, kuma a unguwanni irin wadda na zauna, inda Musulmi 'yan asalin Pakistan suka maye gurbin ma'aikatan masaƙa, mashaya ta rasa masu shigarta ne kawai. Sai dai wannan bai isa ya bayyana abin da ya faru a ƙasar baki ɗaya ba, domin yawancin masu sha ba su daina ba, wurin shan suka sauya. Manyan kantuna suna sayar da giyar kwalba da ta gwangwani a farashin da mai mashaya ba zai iya kusantarsa ba, har ta kai ga a 2015, karon farko a tarihin ƙasar, giyar da aka saya a kantuna aka kai gida ta fi wadda aka sha a mashayu yawa. Mai kanti kwalba kawai yake sayarwa. Mai mashaya kuwa a cikin kuɗin kofi ɗayan nan zai fitar da kuɗin haya, da na ɗumama ɗaki, da albashin ma'aikata, da wutar lantarki, da kujerar da dattijo zai yi awa biyu a kanta. Wurin zaman kyauta yake a idon mai zuwa, amma akwai mai biyan kuɗinsa, kuma daga ribar kofin ake biya. Duk abin da ya taɓa wannan 'yar riba, kujerar ya taɓa.

Abubuwan da suka taɓa ribar kuwa suna da yawa, kuma wanda ya fi ba ni mamaki ya samo asali ne daga gyara. Kafin 1989, manyan kamfanonin giya guda shida ne suka mallaki mafi yawan mashayun ƙasar, kowane kamfani yana sayar da hajarsa a gidajensa. Gwamnatin Margaret Thatcher ta ga wannan babakere ne, sai ta kafa doka a shekarar cewa duk kamfanin da ya mallaki fiye da mashayu 2,000 dole ya saki rabin abin da ya haura wannan adadi. Niyyar ita ce a samu gasa, farashi ya sauka. Abin da ya biyo baya shi ne, wasu sababbin kamfanoni da ba sa dafa giya ko kaɗan suka ciwo bashin banki mai tarin yawa suka saye dubban gidajen, har biyu daga cikinsu, Punch Taverns da Enterprise Inns, kowanne ya taɓa mallakar fiye da 8,000. Mai riƙe da mashaya ya zama ɗan haya mai igiya biyu a wuya: yana biyan kuɗin hayar gini, kuma yarjejeniya ta tilasta masa sayen giya daga hannun mai ginin a farashin da ya fi na kasuwa tsada. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar kaya bashi daga hannun ubangidan da shi ne kuma mai rumfar, ya san yadda wannan lissafi yake ƙarewa. An gudu daga tara an faɗa goma.

Da tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008, kamfanonin nan suka ga bashi ya taso musu, sai suka fara sayar da gine-ginen ga duk wanda ya fi tayi. A nan ne wata gaskiya mai ɗaci ta fito fili, wato filin da mashaya take kai ya fi mashayar kanta daraja. Ginin da ke kawo 'yar riba a shekara, idan aka yanka shi gidajen haya shida ko aka ba wani babban kanti ya buɗe reshe, zai kawo ninkin ba ninkin. Har zuwa 2017 ma, a Ingila mai gini yana iya mayar da mashaya kanti ko ya rushe ta ba tare da neman izinin hukumar tsara gari ba. Saboda haka ba kowace mashaya da aka rufe ce ta karye ba. Da yawa suna da jama'arsu, suna biyan kuɗin hayarsu, aka sayar da su suna tsaye da ƙafafunsu. Wannan batu ne nake ganin ya fi kowanne kama da abin da ke faruwa a garinmu, zan kuma dawo kansa.

Sauran dalilan sanannu ne, ba sai na daɗe a kansu ba. An hana shan taba a cikin wuraren taruwar jama'a a Scotland a 2006, a Ingila kuma ranar 1 ga Yuli 2007, doka mai kyau ga lafiya wadda duk da haka ta kori wasu tsofaffin abokan ciniki zuwa gida. Daga 2008 zuwa 2013 gwamnati ta riƙa ɗaga harajin giya kowace shekara da kashi 2 cikin ɗari sama da hauhawar farashi, har harajin ya ƙaru da kashi 42 cikin ɗari kafin a soke tsarin. Abincin da aka ci a mashaya ana ɗora masa harajin saye na kashi 20 cikin ɗari, alhali yawancin kayan abinci a kanti ba a ɗora musu komai. Ranar 20 ga Maris 2020 Boris Johnson, Firaministan Birtaniya na lokacin, ya ba da umarnin rufe su gaba ɗaya saboda annobar korona, kuma waɗanda suka farfaɗo daga wannan suka ci karo da tsadar gas da lantarki bayan Rasha ta auka wa Yukren a 2022. A watan Afrilu 2025 aka ɗaga kuɗin inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata yake biya daga kashi 13.8 zuwa kashi 15 cikin ɗari, aka kuma rage rangwamen harajin gine-ginen kasuwanci daga kashi 75 zuwa kashi 40. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi da niyyar kashe mashaya, kowanne yana da hujjarsa a wurin waɗanda suka kawo shi, amma duk a kan kofi ɗayan nan suka sauka. Manyan wurare masu sayar da abinci a tsakiyar gari sun iya jurewa, wasu ma sun bunƙasa; ƙananan na cikin unguwa, irin na maƙwabcina, su ne suka tafi.

Da wannan idon nake kallon gindin dalbejiyar layinmu. Mai shayi ma abin da yake sayarwa shi ne ruwan zafi da sukari da madara da burodi da wainar ƙwai da Indomie, amma abin da unguwa take samu a wurinsa ya wuce haka nesa, kuma ba a taɓa biyansa ko sisin kwabo a kan bencin ba. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma tun da kusan duk alkamar da ake yin fulawa da ita daga waje ake shigo da ita, haka ma mafi yawan madarar gari da ɗanyen sukari, babu abin da ke kan teburin mai shayi da bai tashi ba, har gawayin da ke ƙarƙashin tukunya. Ga shi kuma an rufe iyakar Illela da Ƙonni na tsawon watanni bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, abin da ya daki ƙananan 'yan kasuwar Sakkwato ta hanyoyin da mutumin Abuja ba zai gane ba. Mai shayi ba zai iya ninka farashin kofi yadda kaya suka ninka ba, domin masu shansa leburori ne da 'yan kabu-kabu da ɗalibai da magidantan da albashinsu bai motsa ba. Sai ya rage madara, ya ƙanƙanta yankan burodi, ya ƙara shafi a littafin bashi, har ranar da jarin ya narke a cikin littafin.

Batun fili kuwa, wanda na ce zan dawo kansa, shi ne ya ƙarasa aikin. Mai gidan da teburin yake jingine da katangarsa ya fasa katangar ya fitar da shaguna uku, ɗaya an riga an ba mai POS, ɗaya mai cajin waya da sayar da kati. Ban ga laifinsa ba, domin shi ma yana da iyali, kuma inuwar dalbejiya ba ta taɓa kawo masa kuɗin makarantar yara ba. Amma duk wanda ya zagaya sababbin unguwanni irin su Arkilla da Gawon Nama da bayan Mabera zai lura cewa gidajen da ake ginawa yanzu ba su da zaure, ba su da dakali, sai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe da ake buɗewa mota ta shiga a mayar a rufe. A cikin tsohon gari, wajen Kanwuri da Hubbare da Ƙofar Marke, har yanzu za ka ga dattawa a zaure bayan La'asar, ana fito da akushi ana ciyayya bayan Isha'i, yaro ya zo wucewa ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe su. Wannan tsari ginin gida ne ya ba shi wurin zama, kuma idan kowane taƙi na bakin titi ya zama shago, ban san inda za a shimfiɗa tabarmar ba. A ƙauyukan gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, abin ya fi haka muni, domin can tsoron 'yan bindiga ne ya kashe hirar dare tun kafin tsadar sukari ta iso.

Akwai masu cewa waya ce ta raba mutane da majalisa, kuma ba zan ƙaryata su gaba ɗaya ba, tun da na sha ganin samari biyar a benci ɗaya kowa ya sunkuya a kan TikTok. Amma a ganina an fi ɗora wa waya laifi saboda ita ce ba ta da mai kare ta, kuma zarginta ba ya buƙatar a yi lissafin kuɗin haya ko na buhun sukari. Samarin nan biyar dai sun fito daga gidajensu sun zo bencin, wanda ke nuna cewa sha'awar zama da mutane tana nan. Majalisar WhatsApp tana isar da sanarwar ɗaurin aure da ta jana'iza cikin daƙiƙa, sai dai ba ta lura da cewa wane ya rame, ko cewa wane ya kwana uku yana zuwa ba ya sayen komai, a san yadda za a taimaka masa ba tare da ya buɗe baki ya roƙa ba.

Dole kuma in faɗi inda kwatancin ya gaza, don kada in zama mai ganin Ingila a cikin kowane kofin shayi. Mai shayi jarinsa kaɗan ne, tebur da benci da tukunya, don haka idan ya faɗi yau yana iya tashi gobe a wata kusurwa, saɓanin mashayar da idan aka mayar da ita gidajen haya ta tafi ke nan har abada. Sannan mu muna da abin da maƙwabcina Bature ba shi da shi: masallacin unguwa da ke tara mu sau biyar a rana, da suna da ɗaurin aure da zaman makoki, da dangin da ba sa barin tsoho shi kaɗai a gida. Birtaniya sai da ta kai ga naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a Janairun 2018, a zamanin Firaminista Theresa May, abin da idan ka faɗa wa dattijo a Kanwuri zai ɗauka ba'a kake yi. Duk da haka masallaci wurin ibada ne, ba a musun Arsenal da Chelsea a cikinsa, ba a cinikin akuya, ba a tsokanar abokin wasa. Hirar duniya tana buƙatar nata wurin, kuma a garuruwanmu mai shayi da mai tsire da mai gidan kallon ƙwallo su ne suke ɗauke da nauyin wannan wuri daga cikin 'yar ribarsu.

Wani abu da ya burge ni a can shi ne yadda wasu unguwanni suka ƙi zuba ido. Wata doka ta 2011 ta ba mazauna wuri damar su yi wa gini rajista a matsayin kadarar da al'umma take amfana da ita, ta yadda idan mai shi ya tashi sayarwa dole a ba su wata shida su nemi kuɗin tayawa. Tun kafin dokar ma, a 2003, mutanen wani ƙauye mai suna Hesket Newmarket suka haɗa kuɗi suka saye mashayar ƙauyensu suka mayar da ita ta haɗin gwiwa, kuma irin waɗannan wurare a yau da yawansu sun haɗa da kanti da gidan waya da ɗakin shan shayi na tsofaffi. A Landan, wani kamfani ya rushe wata mashaya mai suna Carlton Tavern a 2015 ba tare da izini ba, hukuma ta tilasta masa ya sake gina ta bulo bayan bulo kamar yadda take, aka sake buɗe ta a 2021. Mu ba mu buƙatar doka ko kotu kafin mu yi makamancin wannan, tun da adashi da gayya da karo-karo ba baƙin abubuwa ba ne a wurinmu. Abin da ba mu saba ba shi ne mu ɗauki bencin mai shayi a matsayin abin da ya cancanci a yi masa karo-karo, kamar yadda muke yi wa rijiyar burtsatse ko taransifoma idan ta ƙone.

Na kawo wannan magana a ƙofar masallaci bayan Isha'i makon jiya, aka yi dariya, wani dattijo ya ce: "Kai ɗan nan, boko ya yi maka yawa, yanzu shayin ma sai an kafa masa kwamiti?" Amma da aka natsu, sai ga shi mutum huɗu a cikinmu sun amsa cewa sunansu yana cikin littafin bashin nan, ni ne na biyar. Mun haɗa abin da ake bin mu, mun ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa, an ba ni in kai masa. Na same shi a bakin babbar kasuwa yana taya wani ɗan'uwansa sayar da albasa. Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya yi godiya, ya ce tukunyar da teburin suna nan a ɗakinsa bai sayar ba, benci ɗaya ne kawai ya ba wani makanike aro. Ya ce in hunturu ya shigo zai duba, idan an samu wanda zai ba shi gefen katanga.